Ruwan Khal Na Italiya Da Tsamiyar Gida

Tun daga shekarar 1911 da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, tashar da ke maƙwabtaka da Fagge da Sabon Gari ta zama ƙofar da dukiyar ƙasar nan take fita, kayan Turai kuma suke shigowa. Turawa sun shimfiɗa layin dogo ne da niyyar kwasar auduga, amma tun daga 1912 manoma suka rungumi gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano a idon duniya. Taragun da suka tafi da gyaɗa da fatu da ƙiraga, su ne suka komo da atamfa da sukari da sabulu da abincin gwangwani, aka baje su a kantunan Fagge da kasuwar Sabon Gari. Dalar gyaɗa ta daɗe da ɓacewa, amma ɗabi'ar da wancan zamani ya bar mana tana nan daram, wato mu sayar da ɗanye da arha, mu sayi sarrafaffe da tsada.

Wani ƙaramin misali na wannan ɗabi'a shi ne baƙin ruwan khal ɗin nan na Italiya da ake kira balsamik. Masu koyar da girki a talabijin da wayoyin hannu sukan ambace shi wajen haɗa salak ko gasa nama, sai uwargida ta ɗauka cewa in babu shi girkinta bai cika ba. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata sai ya shiga babban kanti neman 'yar kwalbar da kuɗinta zai sayi mudun hatsi fiye da ɗaya. Abin ya ƙara tsanani tun watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ɗaya ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a cikin 2024, duk kayan da ake shigowa da su suka bi ta sama.

Ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Balsamik na asali ana yin sa ne a yankunan Modena da Reggio Emilia a arewacin Italiya. Ana dafa ruwan inabi har ya yi kauri, a zuba shi cikin jerin gangunan katako, kowace shekara a ɗebi na babbar ganga a ƙara wa ƙaramar da ke biye da ita. Ba a sayar da shi sai ya shekara 12 aƙalla, mafi daraja kuwa sai ya kai 25. Tarayyar Turai ta ba sunansa kariyar doka a shekarar 2000, kuma cikin 'yan kwalabe masu mililita 100 ake zuba shi. Amma akasarin wanda ake gani a kantuna wani iri ne daban da ya sami tasa kariyar a 2009. Shi gauraye ne na ruwan inabi da khal ɗin da aka samo daga giyar inabi, ya isa a sayar da shi bayan kwana 60 kacal, har ma doka ta yarda a ɗiga masa ƙonannen sukari don ya yi duhu. Ashe ke nan yawancin kuɗin da muke biya na suna ne da na jigila.

To, mene ne harshe yake ji a cikinsa? Tsami ne da zaƙi, tare da kauri da duhun launi, kuma babu ɗaya daga ciki da ba a samu a kasuwanninmu. Tsamiya itaciya ce da masana suka ce asalinta Afirka ne, kuma tana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi ƙunsar sinadarin nan mai tsami da ake kira tatarik asid, wanda shi ne babban tsamin inabi. Turawa ma sun san darajarta, domin tana cikin kayan haɗin sanannen romon kwalba na Ingila mai suna Worcestershire, wanda kamfanin Lea & Perrins ya fara sayarwa a 1837. Iyayenmu kuwa tun fil azal da ita suke dama kunu da azumi, da ruwanta kuma suke tuƙa tuwo.

Hanyar haɗawa ba ta da wuya. A jiƙa tsamiya cikin ruwan ɗumi tare da ɗan zoborodo saboda launi, a murje, a tace da kyau. A auna kofi biyu na ruwan, a jefa masa kimanin rabin kofi na mazarƙwaila, ko a yi amfani da zuma. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya ragu zuwa rabi, ya riƙa kama bayan cokali. In ya huce, wanda yake da farin khal na yau da kullum ya ƙara cokali biyu ko uku don tsamin ya yi kaifi. Kada a dafa cikin tukunyar dalma, domin tsami yana cin ta. Tukunyar ƙasa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi. Wannan haɗi yana shiga salak da gasasshen kifi da nama, yana kuma ƙara wa kwaɗon zogale armashi.

Akwai masu cewa abin da aka dafa cikin rabin sa'a ba zai taɓa kamo wanda ya shekara 12 cikin ganga ba. Gaskiyarsu, ai da ma da tsohuwar zuma ake magani. Bugu da ƙari, haɗin gida ba shi da isasshen asetik asid, wato sinadarin da ke hana khal lalacewa, saboda haka sai a zuba shi cikin kwalba mai tsabta, a ajiye a firji, a gama da shi cikin mako guda, kuma kada a dogara da shi wajen adana wani abinci. Haka nan bai halatta wani ya ɗura shi a kwalba ya rubuta masa balsamik ya sayar ba, domin yin haka algus ne, zanen aro kuma ba ya rufe katara.

A ra'ayinmu, abin koyi daga mutanen Modena shi ne yadda suka ɗauki abincin kakanninsu suka tsara masa ƙa'ida, suka kare sunansa da doka, har duniya take biyan su kuɗin haƙurinsu. Mu kuwa har yanzu buhu-buhu ake loda tsamiya da zoborodo a kasuwar Dawanau, zoborodon ma har Meziko ake kai shi ɗanye, can a sarrafa shi, ribar ta tsaya a can.

Saboda haka muna kira ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi, su duƙufa kan gano ma'aunin da zai sa ruwan tsamiya da mazarƙwaila ya daɗe a kwalba bai lalace ba. Ɗaliban kimiyyar abinci masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ƙofar gidansu. Hukumar NAFDAC kuma ta sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a hanyar rajista, musamman mata, waɗanda su ne masu wannan ilimi tun asali.

A shekarar 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna, da kuma na Kano zuwa Maraɗi. In ba mu shirya tun yanzu ba, sababbin taragu za su ɗauki irin kayan da tsofaffin suka ɗauka, buhunan ɗanyen kaya su fita, kwalaben wasu su shigo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya sa masu hannu a cikin al'amarin su ji, su kuma aikata.