Ma'aunin da Ke Ƙara wa Majinyaci Lafiyar da Ba Shi da Ita

A kasuwar hatsi, mai saye yana iya gane an tauye masa mudu, domin idonsa na kan awon. A asibiti kuwa majinyaci ba shi da wannan damar. Lambar da na'ura ta nuna ita likita zai kama, ita za a rubuta a takarda, kuma ita ce daga baya za ta shiga lissafin masu bincike a matsayin gaskiya. Idan na'urar tana kuskure ta ɓangare guda a kan mutane iri guda, to kuskuren ba ya ɓacewa komai yawan awon da aka yi. Ƙara tabbata ma yake yi.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa domin auna iskar oksijin da ke cikin jininsa, wadda ake kira oksimita. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano tushen aikinta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja da wani wanda ido ba ya gani, sannan ta ƙiyasta yawan oksijin daga yadda jini ya shanye kowannensu. Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce ƙiyasi. Ba jinin take aunawa kai tsaye ba. Kamfanin da ya ƙera ta yakan tara masu aikin sa-kai masu lafiya, a rage musu oksijin sannu a hankali har zuwa wajen kashi 70 cikin 100, a riƙa kwatanta abin da hasken ya nuna da abin da aka samu a jinin da aka ɗiba daga jijiya. Daga nan ake fitar da jadawalin da na'urar za ta yi aiki da shi muddin ranta. Su waye aka tara a wancan ɗakin gwaji? Galibinsu farar fata ne. Sinadarin melanin da ke sa fata duhu yana shan wani kaso na hasken, don haka a jikin baƙar fata na'urar takan nuna oksijin fiye da wanda ke akwai, kuma ƙarin ya fi tsanani a daidai lokacin da oksijin ya yi ƙasa, wato lokacin da rai ke cikin haɗari.

A watan Disamba na 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka wallafa binciken da ya tayar da ƙura a mujallar New England Journal of Medicine. Sun duba majinyatan da na'urar ta ce oksijin ɗinsu yana tsakanin kashi 92 da 96, wato babu wata fargaba, suka kwatanta da gwajin jini. A asibitin jami'arsu, kashi 11.7 cikin 100 na awon da aka yi wa baƙar fata ya zo ƙasa da 88 a zahiri, alhali ga farar fata kashi 3.6 ne kawai. Ninki uku ke nan, ko kusa da haka. Bayan shekara biyu masu bincike a Johns Hopkins suka nuna cewa wannan ya jawo jinkiri wajen gane baƙar fatan da suka cancanci maganin korona.

Abin takaicin shi ne ba sabon labari ba ne. Tun 1990 Amal Jubran da Martin Tobin suka ba da rahoton cewa lambar 92 da ake dogara da ita ga farar fata ba ta wadatar ga baƙar fata, sai an kai 95. Shekara talatin maganar tana kwance a mujalla. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013 ba ta nemi fiye da mutum biyu masu duhun fata ba a cikin waɗanda za a yi gwajin da su, ko kashi 15 cikin 100 nasu. Sai a Janairun 2025 ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman a faɗaɗa gwajin. Haka aka yi da lissafin aikin ƙoda, inda aka daɗe ana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100 a kan sakamakonsa saboda launinsa kawai, har sai da aka soke wannan ƙarin a 2021, bayan ya jinkirta wa mutane da dama shiga layin dashe.

A Amurka wannan matsalar 'yan tsiraru ce. A asibitocin Kano da Zariya da Maraɗi kuwa kusan duk yatsan da za a maƙala wa na'urar baƙi ne, kuma injin gwajin jinin da zai tona kuskuren bai cika samuwa ba sai a manyan asibitoci. Wannan ba hujja ba ce ta a jefar da ita. Yaron da ciwon huhu ya kama ya fi samun tsira a inda akwai oksimita fiye da inda ma'aikacin jinya zai dogara da ido kaɗai. Abin da ake bukata shi ne masu sayo kayan asibiti su tambayi kamfani a kan wa aka gwada na'urarsa, asibitocin koyarwa su yi nasu gwajin a kan nasu majinyatan, likita kuma ya daina ɗaukar 93 a matsayin tabbaci idan numfashin majinyaci yana faɗin wani abu dabam.

Manazarta Hausa ba 'yan kallo ba ne a nan, ko da yake na'ura ba fagensu ba ce. Da yawa daga cikin binciken lafiya da ake yi a ƙasar Hausa da tambayoyi ake yinsa, kuma takardar tambayoyi ma'auni ce da aka daidaita a kan wasu mutane da wani harshe. Idan aka tambayi uwa ko ɗanta ya yi zazzaɓi a makonni biyun da suka wuce, kalmar tana ɗauke da zafin jiki kowane iri, tana kuma ɗauke da na cizon sauro a bakin mutane da yawa. Wanda ya karanta amsar a matsayin maleriya ya riga ya kumbura adadin. Kalmar damuwa ta fi wannan wuya, domin ta haɗa ɓacin rai na yini guda da rashin kuɗin cefane da cutar da likitan ƙwaƙwalwa ke nema. Shekaru ma haka: inda ba a rubuta ranar haihuwa ba, amsoshi sukan taru a kan 30 da 35 da 40, abin da masana ƙidaya suka daɗe da sani. Yawanci fassarar waɗannan takardu ana ba da ita ne a ƙarshen shiri, ga duk wanda ya iya harsunan biyu, a mayar da ita Turanci a ga ta yi daidai, shi ke nan. Mayarwar tana nuna cewa mafassara biyu sun fahimci juna, amma ba ta nuna abin da matar ƙauye a Ɗambatta ta ji ba sa'ad da aka karanta mata tambayar. Gano wannan sai wanda ya san karin harshe da ma'anar kalma a bakin masu ita, kuma wurin zamansa shi ne kwamitin da ke tsara binciken tun kafin a buga takardar.