Bolar Kano Ta Sauya, Ƙasar Noma Na Ɗanɗana Kuɗarta

Tun kaka da kakanni akwai amana tsakanin birnin Kano da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Da rani manomi zai shigo da jakinsa ɗauke da itace ko hatsi, ya koma da mangala shaƙe da shara: toka, kashin awaki da tumaki, ƙaiƙayi, ragowar abinci. Wannan taki ne ya riƙe jigawar Kano mai rairayi, har ake nomanta shekara da shekaru ba hutu.

Har gobe ana kai bola gona, sai dai yanzu a tifa. Abin da ke cikin bolar ne ya sauya. Leda ce, da matattun batura, da gwangwanin fenti, da tarkacen wayoyi da rediyo, da baƙin man gareji. Leda ana ganinta, a tsince. Wanda ba a gani shi ne abin tsoro.

Batir idan ya fashe a juji, dalma da kadmiyum da sauran ƙarafa masu guba sukan tsiyaye. Da damina ruwa ya ratsa jujin, ya fito baƙi wuluk, ya gangara kwata, kwata ta kai shi rafin Jakara. Can gaba rafin Getsi ya haɗu da shi da dagwalon masana'antun Bompai, su nufi madatsar Wasai. A gefen wannan ruwa ne, a Kwakwaci da makwabtanta, 'yan lambu ke shayar da latas da kabeji da alayyahu da ake ci a gidajenmu. Ganyayyaki kuwa sun fi hatsi zuƙar kadmiyum.

Kashin dabba yana ruɓewa ya zama abincin shuka; dalma ba ta ruɓewa, taruwa take yi a saman ƙasa. Akwai kuma wani tarko. Tokar da ke cikin shara tana rage tsamin ƙasa, kuma muddin ƙasa ba ta da tsami, ƙarafan nan a ɗaure suke, ba sa shiga saiwa sosai. Amma yawan zuba takin zamani irin yuriya yana ƙara wa ƙasa tsami sannu a hankali, ranar da tsamin ya yi yawa sai abin da aka tara ya kwance. Manomi ya ga ganye shar, ya yi hamdala, alhali gubar da aka binne tun bara waccan ce ke hawowa. Ga kuma gishirin da ruwan juji ke bari, wanda kan sa ƙasa ta daskare ta ƙi shan ruwa.

Ba sai an faɗa wa Arewa illar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Ta juji ba ta kisa farat ɗaya. Ƙwaƙwalwar yaro take dakushewa ba tare da kowa ya lura ba.

Ba ma ganin laifin manomi. Da tsadar buhun taki, wa zai ƙi tifar bola mai araha? Hana shi ɗiba ma ba mafita ba ce, gonarsa na buƙatar takin. Inda muke ganin gazawa shi ne yadda hukumomi ke auna nasara da tsabtar titi kawai. Hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ta kwashe shara, ta jibge a tsohon kududdufi, shi ke nan. Hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, tana da hurumin sa ido kan masana'antu, ya kamata a riƙa jin ɗuriyarta a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Kamata ya yi gwamnatin jiha ta sa wa tsohon batir farashi, 'yan bola jari za su tsame shi kafin ya isa juji, kamar yadda suke yi wa ƙarfe da roba. Sannan ta ba masana kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero kuɗin gwada lambunan Jakara kowace shekara, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo, fadama bayan fadama, kafin manoma su zuba irin rani.