BA JIFA BA NE, JIJIYA CE TA TOSHE

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙauyukanmu na Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi, da zarar magidanci ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, sai ka ji an ce jifa ne ko iska ce ta buge shi. A yi ta hayaƙi kwana uku, sai abu ya gagara a nemo mota zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A lokacin kuwa ɓarna ta riga ta auku.

Duk mai noman rani a Thomas ko Watari ya san yadda laka ke taruwa cikin tiyo har ruwa ya daina wucewa. To haka kitse ke mannewa a bangon jijiyar jini, shekara da shekaru, babu ciwo babu alama. Ranar da wurin ya tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta rufe. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Mu daina cewa ciwon Alhazan birni ne. Hawan jini, ciwon suga da shan taba su ne ke rura shi, kuma duk suna cikin gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ku ƙirga dunƙulen magin da ke shiga tukunyar miya guda, ga man suyar ƙosai da awara da ake maimaitawa har ya yi baƙi.

Gero, dawa, wake, zogale da rama da muke nomawa sun fi alheri, amma mun mai da su abincin talaka.

Shawarata: wanda ya kai shekara 40 ya je asibitin sha-ka-tafi a auna jininsa. In yana kai 140 bisa 90, a kama magani, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. In wani ya faɗi, a yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.