Kada a ƙona abincinmu a tankin bas

1/ Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin mota daga Batsari zuwa Katsina ya gagari talaka. Yanzu wasu na ta ihun a koma zuba wa motocin bas dizal na tsirrai. Na yarda, amma da sharaɗi.

2/ Ban da man gyaɗa da na waken suya. Iyayenmu mata na auna mai da cokali, kai kana son a ɗura wa inji? Haba!

3/ Ga bini da zugu nan a shingayen Safana, ko akuya ba ta ci. 'Ya'yansa ake matsewa a samu man.

4/ To amma wa zai tsinto, alhali 'yan bindiga sun hana mu gona? A fara da tsaro, jama'a.