Kiwon Magen Farisa a Gombe: Lissafin da Ake Tsallakewa

Magen Farisa, mai dogon gashi da shafaffen hanci, ta shiga sahun hajar da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp, kuma matasa a Gombe, daga Tumfure zuwa Pantami, sun fara kallon kiwonta a matsayin sana'a. Lissafin yana da daɗin ji: a sayi mace guda, a kai ta barbara, bayan kwana 63 zuwa 65 ta haifi 'ya'ya uku ko huɗu, a sayar. Sai dai wannan lissafin dokin rano ne, domin an cire ɗawainiyar da ke tsakanin saye da sayarwa.

Kalmar "asali" ita ce aka fi yi wa rashin adalci. A ƙasashen da kiwon ya kafu, asali takarda ce mai ɗauke da sunayen iyaye da kakanni, wadda ƙungiya irin su CFA ta Amurka, da aka kafa a 1906, ko GCCF ta Ingila, ta 1910, ke tabbatarwa. A nan kuwa yawan gashi ne shaida. Ba laifi ba ne mutum ya sayar da kyakkyawar mage marar takarda. Laifin shi ne ya karɓi kuɗin mai asali a kanta.

Takardar ma ba ado ba ce. Wannan jinsi ya yi suna da wata cutar ƙoda ta gado, inda ƙullutai masu ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar, su yi ta girma har ta gaza aiki. Idan uwa ko uba na ɗauke da ita, kowane ɗa yana tsakanin gada da tsira, rabi da rabi. Abin takaicin shi ne alamunta kan ɓuya shekaru, sai mage ta riga ta hayayyafa, 'ya'yanta sun bazu a gidajen mutane, sannan ta fara rama da yawan shan ruwa. Hoton ciki ko gwajin ƙwayar halitta ne ke bayyana ta da wuri. Wanda bai shirya wannan gwaji ba, ko da zai kai shi asibitin koyarwa na dabbobi a Maiduguri ko Zariya, bai shirya kiwo ba. Haka nan wanda ke haɗa wa da ƙanwa don gudun kuɗin barbara, rauni yake ninkawa.

Sai yanayin garin kansa. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe kan doshi digiri 40, ita kuwa dabba ce mai bargo a jiki, ga gajeren hancin da ke wahalar da numfashi. Ɗakin kwano da wutar lantarkin da ba ta da tabbas ba su dace da ita ba. Tana buƙatar ɗaki mai iska, da tajewa kullum, da goge hawayen da ke taruwa a gefen idonta. Gashin nan kuma maɓoyar makero ne, wanda ke saurin kama yaran gida.

Rigakafi yana farawa ne a wajen mako takwas ko tara, a maimaita a mako na 12, a haɗa da allurar ciwon haukan kare, a hannun likitan dabbobi mai rajista. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai ba sa raba ɗa da uwarsa kafin mako 12. Mai sayar da ɗan wata guda, saboda a lokacin ya fi kyau a hoto, mai saye yake bari da jinya. Ita ma uwar ba injin haihuwa ba ce: ƙungiyar FIFe ta taƙaita mata haihuwa uku a cikin wata 24.

Akwai kuma batun da mai kiwo a gari irin Gombe ba zai kauce masa ba. Malamai sun yi saɓani a kan cinikin mage, kodayake mafi yawansu, har da Malikiyya, sun halatta. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne alhakin wanda ya tsare ta ya hana ta ci da sha.

Kasuwar kuma ba ta da faɗi. Masu iya ciyar da irin wannan mage a Gombe ƙidayayyu ne, kuma ɗan da ya wuce wata shida farashinsa faɗuwa yake yi. Magen gida za ta iya farautar ɓera a bayan kasuwa idan an yi watsi da ita. Ta Farisa gashinta zai cukurkuɗe, ƙuma ta cinye ta. Kafin a kai mace barbara, ya kamata a riga an san masu karɓar 'ya'yan, an tanadi kuɗin dandaƙar waɗanda suka rage, an kuma amince a karɓi duk wanda mai saye ya dawo da shi.