Kowa Ya Zo Ganin Jariri, Wa Ya Gai Da Yayarsa?

Kwanan baya muka je barka gidan wasu matasan ikkilisiyarmu da Ubangiji ya ba su ɗa na biyu. Ɗaki ya cika, zumuntar mata suna waƙa, mai jego tana shan kunun kanwa, jariri yana ta yawo daga hannu zuwa hannu. A bayan ƙofa kuwa ga yayarsa, 'yar shekara 3, tana tsotsar yatsa. Sai wata baƙuwa ta ce mata, "Ke kam taki ta ƙare, an ƙwace miki Mama!" Aka fashe da dariya. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Mu ma da muke wurin ba mu ce uffan ba, abin kuwa ya tsaya mana a rai.

Ra'ayinmu shi ne, wannan wasa ya kamata ya ƙare a gidajen masu bi. Babba ya san zolaya ce. Yaro ɗan shekara 2 ko 3 yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, ga shi kuma idonsa yana tabbatar masa. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Bayan da ake goya shi jiya, yau wani ne a kai. Shi ya sa za mu ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya nemi nono bayan an yaye shi, ko ya mintsini jariri. Tsoro ne yake damunsa, bakinsa kuma bai iya faɗa ba tukuna. Bulala ba ta maganin tsoro.

Wani zai ce, "Haka aka yi mana, ga mu mun girma lafiya." Mun girma, gaskiya ne. Amma mu da muke zaman sulhu tsakanin 'yan'uwa mun sha ganin rigimar gona ko ta gado wadda, in aka tona, sai a ji dattijo mai furfura yana cewa, "Ai tun muna yara shi aka fi so." Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana wannan ba. A Farawa 25, Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gidan ya tsage har Yakubu ya yi shekara 20 a wurin Laban. Yakubun da ya sha wannan ɗaci shi ne kuma ya fifita Yusufu, har 'yan'uwansa suka sayar da shi. Son kai a gida gado ne, in ba a tare shi ba.

Akwai wani gida kuma. Fitowa 7:7 ta nuna Haruna ya girmi Musa da shekara 3. Ashe lokacin da Yokabed take ɓoye jaririnta wata 3 saboda dokar Fir'auna, akwai ɗan yaro a tsakar gidan da hankalin uwarsa ya rabu. Yayarsu kuwa ita ce ta tsaya a bakin kogi tana lura da kwandon. Ba mu ce gidan bai taɓa ganin kishi ba, domin Littafin Ƙidaya 12 ya ba da labarin ranar da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa. Duk da haka Haruna ya zama bakin ƙanensa a gaban Fir'auna, Musa kuma ya roƙi Allah ya warkar da yayarsa.

To, me za mu yi? Iyaye, ku gaya wa yaro tun ciki ya fito cewa ƙane ko ƙanwa na zuwa. In za a yaye shi, ko a canja masa wurin kwana, ko a sa shi makaranta, a yi tun da sauran watanni. Kada a kai shi gidan kaka ya dawo ya tarar da wani a shimfiɗarsa. Ku ba shi ɗan aiki, ya miƙo zane ko sabulu, ku gode masa. Amma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da jariri, kada kuma a mai da 'yar shekara 5 uwar goyo. Ku rage cewa "ai ka girma", jiya-jiya shi ma jariri ne.

Maigida, wannan aikinka ne musamman. Mai jego ba ta samun barci, jikinta bai koma ba. Ka yi wa babban wanka, ka ɗauke shi zuwa makarantar Lahadi, ka sa shi a cinya lokacin addu'ar dare, ka ambaci sunansa a gaban Allah yana ji. A Luka 15, da babban ɗa ya ƙi shiga biki, uban ne ya bar taro ya fita waje ya lallashe shi.

Ku matasa da ba ku yi aure ba tukuna, ku ne kawu da inna na yaran ikkilisiya. In kun je barka, ku fara durƙusawa ku gai da yayan, ku ce ya nuna muku ƙanensa. In kun riƙo sabulu don jariri, ku riƙo masa ko da biskit ne. Mu ma a ranar miƙa jariri za mu riƙa kiran yayyensa gaba, mu sa musu hannu tare.

Ubangiji ya ba gidajenmu ƙaunar da za ta ishi kowane yaro. Amin.