GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA

Daga Malamin Gona, Bagudo

 A wannan mako ba maganar iri ko taki zan yi ba. Ina so mu tattauna a kan ƙaramar tirelar nan mai taya biyu, wadda a ke ɗaura wa babur ko ƙaramar tarakta, da kuma yayarta, watau amalanken shanu da na jaki.

Tun ranar 29 ga Mayu, 1 ga wata ya wuce da nisa, ta shekarar 2023, da Gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau. Saboda haka mutane da yawa a ƙasar Bagudo suka koma neman abin da za su kwaso amfanin gonarsu da kansu. In ka bi ta Illo, ko Lolo, ko Kaoje, ko Tsamiya har bakin iyakar Binin wajen Segbana, ba za ka rasa gamuwa da su ba, ɗauke da shanshera daga fadamun Kwara, ko albasa, ko taki. Wannan ci gaba ne, ba na ƙi. Amma akwai gyara.

Da kakar bara na tarad da wani yaro a gefen hanya, tirelarsa ta kife. Buhunan shinkafa sun yage, rabi cikin ruwan kwalbati, shi kuwa ga gwiwa ta goge. Na ce, "Samari, me ya faru?" Ya ce, "Wallahi Malam, hanya ce ba kyau. Ina gangarowa sai na ji tana kaɗa wutsiya, na taka birki, shi ke nan." Da na duba, sai na ga ashe duk buhunan a can baya ya jibge su, don su yi sauƙin saukewa.

To, ra'ayina ke nan. Gaskiya ne hanyoyinmu akwai gargada da ramuka da yashi. Amma yawancin kifewar nan ba laifin hanya ba ne kaɗai. Laifin mai ƙira ne da na mai lodi, kuma duka biyu gyaransu a hannunmu ya ke.

Mu fara da lodi. Tirela mai taya biyu kamar sikeli ta ke, ƙarfen da tayu ke juyawa a kansa shi ne tsakiyar sikelin. In ka danne bayanta da kaya, wuyanta zai ɗaga, ya ɗage bayan abin da ke janta. Tayar babur ta baya ta daina kama ƙasa sosai, sai tangaɗi ya fara, kuma ƙara gudu ƙara tangaɗi. Ƙa'idar da a ke bi ita ce, kashi 6 cikin 10 na kaya su zauna gaban tayu, 4 a baya. Nauyin da zai sauka a kan wuya kuwa ya zama wajen kashi 1 cikin 10 na dukan nauyin. Misali, buhun takin zamani kilo 50 ne. In ka ɗora wa tirelar tarakta guda 10, kilo 500 ke nan, to, abin da za ka ji a wuyanta kada ya kasa nauyin buhu guda. Ka gwada da hannunka kafin ka ɗaura. In wuya ya tashi da kansa, sake lodi. In kuwa ƙato biyu sun kasa ɗaga shi, ka yi yawa gaba. Babur dai ba ya jure ko kusa da wannan, kada ka kwatanta shi da tarakta.

Har wa yau, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a bisa. Kaya mai tsawo shi ke kifar da tirela a kwana. A ɗaure da igiya tamau, domin buhun da ya zame baya a kan hanya ya rushe duk lissafin da ka yi a gona.

Masu shanu da jakai, ku ma da ku na ke. Wani ya ce da ni shi yana tura kaya baya ne don tausayin wuyan sa. Ai wannan ba tausayi ba ne. Karkiya sai ta ɗaga, igiya ta shaƙe dabba, jaki ma har ƙafafunsa su kan bar ƙasa. In kuma kaya sun yi yawa gaba, ga miki a wuya ko a gadon baya. Daidaitawa ita ce tausayin.

Sa'an nan mu zo ga 'yan'uwanmu masu walda. Abu huɗu na ke roƙonku. Na ɗaya, kada ku kafa tayu daidai tsakiyar akwati. In tsawon akwati ƙafa 5 ne, ku auna ƙafa 3 daga gaba, ku kafa a nan. Ta haka ko an shimfiɗa kaya bai ɗaya, lissafi ya fita da kansa. Na biyu, kada ku yi rowar ƙarfe wajen wuya. Gajeren wuya shi ke kawo saurin kaɗa wutsiya, dogo ya fi natsuwa, ya fi kuma sauƙin komawa da baya. Na uku, sifirin. Na sha ganin an ciro na babbar mota an liƙa wa 'yar tirela. Ba zai lanƙwasa ba sam, sai ta yi ta tsalle kamar ɗan akuya, tumatir ya dame, walda ta tsage. A rage masa ganye, ko a nemo na ƙaramar mota. Na huɗu, ku sa sarƙa ban da ƙusar haɗi, don in ƙusa ta fice tirela ba za ta tafi ita kaɗai ta sami mutane ba.

Na san abin da za a ce. Manomi zai ce wannan duk ƙarin kuɗi ne, mai walda kuma ya ce abin da aka biya shi ya yi. Amma ku auna. Ƙarin ƙafa ɗaya ko biyu na ƙarfe da guntun sarƙa ba su kai kuɗin buhun shanshera guda ba, balle jinyar karaya a tsakiyar aikin rani. Araha ba ta ado. Ya kamata ƙungiyoyin manoma su zauna da masu walda na garinsu, su yarda a kan awo guda, kowa ya bi.

Sauran aikin na mai tirela ne. Kowace safiya ka duba iskar tayu, su zama daidai da juna. In iska ta yi yawa tirela za ta yi ta dukan ƙasa, in ta yi kaɗan taya ta yi zafi ta fashe. Ka girgiza taya da hannu, in ta yi kwaram-kwaram, boris ya ci, ko noti ya saki. Bayan ka ratsa ruwan fadama, ka sake giris, gama ruwa da yashi su ne ajalin boris. Ka liƙa jan abu mai ƙyalli a baya saboda masu mota da dare. Kuma ka tuna yawancin tirelolin nan ba su da birki nasu, nauyinsu duka a kan birkinka ya ke. Ka rage gudu tun kafin gangara. In ta fara tangaɗi, kada ka danne birki gaba ɗaya kamar yaron nan. Saki mai a hankali, riƙe kanka sosai, har ta natsu, sa'an nan ka tsaya ka gyara lodi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata huɗu mutum yana fama da ruwa da tsuntsu da ciyawa, bai kamata wahalarsa ta zube tsakanin gona da kasuwa ba. In wani ya tsai da kai a hanya ya ce ka gyara kayanka, kada ka ji haushi, ba rabo ya ke nema ba.

Allah ya kai mu kaka lafiya, ya kiyashe mu da haɗarin hanya, amin. Sai mako mai zuwa.